Matakala Ɗari da Sittin da Biyu

Tsakanin bakin teku da ƙofar gidanmu a Valparaíso
akwai matakala ɗari da sittin da biyu.
Da ina budurwa a guje nake haye su,
kwandon kifi a ƙugu, ban san ina da gwiwa ba.
Yau wata bakwai ke nan muna hawa mu biyu,
ni da kai, baƙon da bai nuna fuska ba.

Ranar awo, ungozoma Orfelina
ta ja fatar idona ƙasa, ta yi tsaki.
"Fresia, jininki ya kwanta.
Shayi da burodi yaudarar ciki ne kawai."
Ta juya takardar magani ta rubuta a baya:
wake, alayyahu, ƙwan da ya dahu har ya yi tauri,
ƙwayar ƙarin jini da ruwan lemo,
shayi kuwa ya jira layi, sai an jima.
Na ce, "Matakalar fa?"
Ta ce, "Hau abinki, ciki ba ciwo ba ne.
Amma ki riƙa magana kina hawa.
In numfashi ya yanke miki zance, tsaya."

Shi ya sa nake yi maka surutu a hanya.
A ta ashirin na ba ka labarin karen mai gyaran takalmi.
A ta arba'in na faɗa maka kuɗin albasa,
ka harbe ni a haƙarƙari,
kai ma ka ji tsadar ke nan.

Babanka Baltazar yana fita tun duhu.
Manyan kifaye yana kai wa masu otal,
ƙananan yake ƙunso mana a jarida.
Ya ce babba ya daɗe yana haɗiye dattin teku,
ƙarami bai rayu ya tara komai ba.
Ni kuwa ɗanyen kifi da lemon tsami nake mafarki,
yawuna ya tsinke in na gifta rumfar Eulogio.
Sai in kau da kai.
Kwaɗayina zai iya jiran wata biyu.

A matakala ta casa'in akwai kujera shuɗiya.
Da babu ita.
Tsohuwa Herminia ce ta fito da ita ranar da ta gan ni
dafe da bango, ina haki.
Ba ta ce komai ba. Kullum dai ga kujera,
ga gorar ruwa a ƙarƙashi,
wani lokaci da rabin fiya da ɗan gishiri.
'Ya'ya biyar ta haura da su tudun nan,
ta san inda ƙafa take fara ƙarya.

Ranar Laraba ka yi shiru.
Na yi ta zuba, har na kai ta saba'in, ba ka tanka ba.
Na sha ruwan sanyi, na kwanta gefen hagu,
hannu a cibiya, ina ƙirga abin da bai zo ba.
Ban jira gari ya waye ba.
Orfelina ta ɗora na'ura, ɗakin ya yi tsit,
sai ga ƙara, tif-tif-tif,
kamar injin kwalekwalen babanka in ya doso gaɓa.
"Barci yake," in ji ta. "Kuma gara da kika zo."

Yanzu da dare ƙafafuna suna bisa filo biyu,
sun kumbura kamar ƙullin da ya tashi.
Baltazar yana murza su da hannu mai warin gishiri,
wake na jiƙe a kwano saboda gobe.

Gobe za mu sauka da safe, mu hau da hantsi.
Ka tanadi amsa.
Akwai labarin da na ajiye maka
sai mun zauna a kujera shuɗiya.